Hasken leza a sama, tafiyar hawainiya a ƙasa

Ranar 20 ga Fabrairun 1962 wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya gifta ta samaniyar Kano a cikin wani ɗan kumbo da bai fi a-daidaita-sahu girma da wani abin kirki ba. Shi ne mutumin Amurka na farko da ya kewaya duniya ta can sama. Da ya leƙo ta taga sai ya shaida wa mutanen ƙasa cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Masu ba shi amsar nan a Kano suke zaune. A wancan lokacin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, tana da tasha a garin nan, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta dasa a faɗin duniya: Bamuda, tsibiran Kanari, Kano, Zanzibar, Ostareliya, Hawai. Duk Bakano ya san abin da Glenn ya gani. Ƙurar ƙarshen hunturu ce, irin wadda har yau take hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ba don suna ƙaunarmu suka zaɓi Kano ba. Duniya ƙwallo ce, saƙon da kumbo ke turowa kuwa a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasawa ya bi bayanta. Kowace tasha 'yan mintuna kaɗan take jin muryar mutumin, sai ya faɗa bayan duniya, ta gaba ta karɓe shi. Zango-zango ke nan, irin na fatake.

Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na cikin birni, kuma duk ajin da na ba wannan labari sai na ga sun zaro ido suna murmushi, wai ashe har da mu aka yi. Abin da ban cika gaya musu ba shi ne yadda aka yi aka daina bukatarmu. Tashar Kano ba ta yi tsawon rai ba. Daga 1983 kuma NASA ta fara rataye wasu taurarin ɗan'adam can ƙololuwa waɗanda aikinsu kawai su karɓi saƙo daga na ƙasa da su, su miƙa shi gida. Zango ya tashi daga ƙasa ya koma sama, aka naɗe mafi yawan tashoshin da ke ƙasashen mutane. Abin da ake yi yanzu da hasken leza, wani siririn haske da taurarin ɗan'adam ke aika wa juna saƙo da shi, ci gaban wannan labarin ne, kuma shi ya sa nake ganin ya kamata mu san shi da kyau kafin wani ya zo ya sayar mana da shi.

Taurarin da ke ɗaukar hoton ƙasa ba su da nisa yadda ake zato. Sentinel-1A na Tarayyar Turai, wanda aka harba a 2014, kimanin kilomita 700 yake sama da mu, bai ma kai nisan Kano zuwa Legas ba. Yana gama kewaya duniya cikin kusan minti 100. Tafiyar Kano zuwa Zariya, wadda direban haya ke ci da awa biyu in hanya ta yi kyau, shi daƙiƙa ashirin ta ishe shi. Ba kyamara irin ta waya yake amfani da ita ba, rada ce (rada fa na ce, ba raɗa ba). Yana jefo igiyar rediyo ƙasa, ya saurari abin da ya dawo masa. Saboda haka dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa, gajimare kuma ba ya tare masa gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ganin ambaliya, domin a watan Agusta, lokacin da ake bukatar hoton, tauraro mai kyamara hadari kawai yake ɗaukowa. A hoton rada, ruwan da ya kwanta baƙi ƙirin yake fitowa, saboda fuskarsa sumul take, igiyar ta zame ta yi gaba ba ta komo ba. Gona da gari kuwa fari-fari suke fitowa.

Matsalar ita ce ta Glenn. Tauraron ya ɗauki hoto, to wa zai ba? Dole ya adana shi a cikinsa har sai ya zo saitin wata tasha da ke da faifan karɓa, misali wadda ke Svalbard, can ƙuryar arewacin Norwe. A nan ma kamar minti goma yake da shi ya juye abin da ya ɗauko kafin ya wuce. Sau da yawa hoto yakan yi awa guda ko fiye yana yawo a sama, wani ma sai ya jira zagaye na gaba don layi ya yi tsawo.

Turawa suka ce bari a samo ɗan aike. A watan Janairun 2016 hukumar sararin samaniya ta Turai da kamfanin Airbus suka ɗora na'urar leza a jikin wani tauraro mai suna Eutelsat 9B, suka kai shi nisan kusan kilomita 36,000, inda tauraro ke juyawa daidai da juyawar duniya, sai ka ga kamar a tsaye yake wuri guda. Tsarin shi ake kira EDRS. Aka ƙara na biyu a 2019. Daga wannan tsawo, ɗan aiken yana hango ƙananan taurarin tsawon lokaci, su harbo masa hotunansu da hasken leza, shi kuma ya sauke su ƙasa nan take. Gudun saƙon gigabit 1.8 ne a daƙiƙa. Da lissafinmu na masu sayen data, giga ɗaya ba ta cika daƙiƙa biyar ba ta wuce. Na'urar, wadda kamfanin Tesat na Jamus ya ƙera, tana iya kai saƙo nisan kilomita 45,000.

Wani abu ya daɗe yana ba ni dariya mai ɗan ɗaci. Wancan ɗan aike na farko, Eutelsat 9B, a digiri 9 gabas aka ajiye shi, a saitin ikwaita. Kano tana digiri 8 da rabi. Da ido zai iya ganinsa, da sai mutum ya tsaya a Ƙofar Mata ya ɗaga kai sosai, ya ɗan karkata kudu, ya gan shi. Kusan a kan kanmu yake tsaye shekara da shekaru, amma ba da mu yake magana ba.

Duk wanda ke da jikoki ya san 'yar fitilar nan mai jan haske da ake sayar wa yara lokacin sallah. Jikana ya taɓa samun ɗaya, ya hana kowa sakat a gida. Na karɓa wata rana da daddare na haska katangar maƙwabcinmu, can ƙarshen lungu. Ɗigo ne guda, bai fi ƙwayar wake ba, kuma duk yadda na so in tsayar da shi wuri ɗaya sai ya riƙa rawa, domin ɗan motsin hannun da ni ban ji ba, a can ya zama taku biyu. Da tocila ce da ta haske lungun gaba ɗaya, amma dishi-dishi. Bambancin rediyo da leza ke nan. Rediyo watsuwa yake yi kamar tocila, kowa ya samu kaɗan. Leza kuwa a dunƙule take tafiya, ƙarfinta ba ya zubewa a hanya, shi ya sa take ɗaukar kaya da yawa da ƙaramar na'ura. Sai dai saitin ne aiki. Ka ƙaddara kana kan doki a guje ranar hawan Daushe, ana so ka ɗora ɗigon nan a kan madubin wani mai babur da ke gudu a wani gari, kuma kada ya goce. Injiniyoyi sun yi shekaru kafin su iya. Gwajin farko da ya yi nasara tsakanin taurari biyu a 2001 aka yi shi, tsakanin Artemis na Turai da SPOT-4 na Faransa, da gudun megabit 50 kacal. Zuwa 2023 NASA ta sauko da gigabit 200 a daƙiƙa daga wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin takalmi ba. Japan ma ta harba nata ɗan aiken a 2020. Taurarin Starlink masu ba da intanet, da suka fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, dubbai daga cikinsu da leza suke miƙa wa juna saƙo.

Siririn hasken yana da wata fa'ida da ta fi burge masu kaki: wuya ne a yi masa kutse, wuya ne a toshe shi, sai fa in ka shiga tsakiyar layin. Ba ya kuma bukatar lasisin mita irin wanda gidajen rediyo ke nema. Shi ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa hukuma sukutum a 2019, ta fara harba ƙananan taurari daga 2023, waɗanda za su hango makami mai linzami da zarar ya tashi su miƙa wa juna labari da leza har ya isa hannun mai harbo shi. A irin wannan aiki daƙiƙa ɗaya ma rai ce. Kuɗin da ke tura fasahar nan gaba, da yawansa daga nan yake fitowa, ba daga tausayin manomin fadama ba.

Leza tana da lagonta, kuma lagon nata mu muka fi kowa saninsa. Ba ta keta gajimare, ƙura kuma tana raunana ta. A sama can inda babu iska, sai yadda ta ga dama, amma da ta nufo ƙasa sai ta gamu da abin da Glenn ya gani. Don haka ne ma EDRS da rediyo yake sauke kayansa, zuwa tashoshi irin su Weilheim a Jamus, Redu a Beljiyam da Harwell a Ingila. Wato in aka ɗauki hoton gadar Wudil aka bi da shi ta wannan hanya, zai hau sama zuwa tauraron da ke kan kanmu, ya sauka a Turai, a gyara shi, sannan in muna so mu jawo shi ta wayar ƙarƙashin teku zuwa Legas, daga nan ya hauro Kano. Duk wanda ya zo wata rana da takardar kwangilar gina tashar karɓar leza a Kano, a tambaye shi me zai yi da hadarin Yuli zuwa Satumba, me kuma zai yi da hazon Disamba zuwa Fabrairu.

Yanzu bari in sauko ƙasa, inda maganata take.

Kawuna yana noman shinkafa a fadama, a gefen kogin da ya wuce Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ruwa ya shigo musu cikin dare bayan an yi isha'i. Rai bai salwanta a gidansa ba, alhamdu lillahi, amma shinkafar da ta fara fitar da kai ta tafi, rumbu ɗaya ya zauna, awaki huɗu ba a sake ganinsu ba. Na je jaje bayan ruwa ya ɗan ja. Na same shi zaune a kan turmi a kife, ƙafafunsa duk taɓo ya bushe a jiki, yana sheƙa 'yar ragowar gero a faifai don ta sha iska. Alamar ruwan tana jikin garu, layi guda miƙaƙƙe daidai ƙugun mutum.

Na ce, “Kawu, sannu. Allah Ya mayar da alheri.”

Ya ce, “Amin, ɗan nan. Ƙaddara ba a tsallake ta. Amma ka ga ruwan kogi ba ɓarawo ba ne, ba ya zuwa a ɓoye. Mutanen da ke sama da mu sun kwana biyu suna kallonsa yana hawa. Da wani ya kira, ai da ko dabbobin mun kora tudu.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na dawo Kano na nemi wani tsohon ɗalibina da ya karanci harkar taswira, yana da ɗan shago yana yi wa masu filaye zane a kwamfuta. Na tambaye shi ko tauraro ya ga ruwan nan. Ya ce in ba shi zuwa gobe, don an ɗauke wuta kuma hoton yana da nauyi. Washegari ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Hotuna biyu ne na rada. A na farko kogin siriri ne kamar zare baƙi. A na biyu zaren ya kumbura, baƙin ya malala ya cinye gonakin da ke sama da su Kawu, ya tsaya musu a ƙofa. Na duba kwanan watan da ke jikin sunan hoton. An ɗauke shi ruwa bai kai gidan Kawu ba tukuna.

Na ce, “Nawa ake sayen wannan?”

Ya ce, “Malam, kyauta ne. Hotunan Sentinel duk kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Tun a lokacin yana nan a intanet.”

“To wa ya duba?”

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya. “Wallahi Malam, ni ma sai da ka tambaye ni na duba.”

Ban ga laifinsa ba, ba aikinsa ba ne. Abin da ya dame ni shi ne na rasa wanda zan ce aikinsa ne.

Mu yi lissafin jinkirin daki-daki, mu ga inda lokaci ke zurarewa. Na farko, sai tauraron ya biyo ta kanka. Sentinel-1 guda ɗaya kwana 12 yake yi kafin ya maimaita layi ɗaya. Da su biyu ne, amma na biyun ya lalace a Disambar 2021, ba a harba madadinsa ba sai Disambar 2024, don haka a daminar da nake magana ɗaya ne ke aiki. Leza ba ta rage ko minti ɗaya daga wannan jira. Na biyu, saukowar hoto daga sama zuwa ƙasa: awa ɗaya ko biyu, wanda leza ke mayarwa mintuna. Na uku, wani ya buɗe hoton ya fahimce shi. Na huɗu, ya gaya wa wanda ke da ikon yin magana. Na biyar, maganar ta isa kunnen mai awaki. A Turai sun riga sun toshe na uku zuwa na biyar, akwai masu gadin dare da ke jiran hoto don su ga jirgin da ya zubar da mai a teku ko ƙanƙarar da ta tare hanya, shi ya sa awa ɗayar nan ta zame musu abin kashe wa miliyoyi. Mu kuwa a na uku zuwa na biyar ne muke zubar da kwanaki, wani lokaci ma saƙon ba ya tashi sam. Wanda tulunsa ya fashe a gindi, ba murfi mai kyau ne damuwarsa ba.

Akwai kuma wani abu da ban ji ana faɗa ba. Ɗan aiken leza maganin matsalar mai son leƙen nesa ne. Baturen da ke son ganin tsakiyar tekun Atlantika daga ofishinsa, ko sojan Amurka da ke son ganin bayan duniya, su ne tauraronsu ke ɗaukar hoto a inda babu tasharsu. Mu tsakar gidanmu muke son gani. Tauraron da ke kilomita 700 a saman Kano, a daidai wannan lokacin yana hango Abuja sarai, don tsakaninsu a miƙe bai kai kilomita 400 ba, shi kuwa ganinsa ya zarce dubu. Yana iya ɗaukar hoton ya sauke shi a zagaye guda da rediyo na yau da kullum, a faifan da ke Abuja, ko wanda za a kafa a nan Kano in an so. Ba sai an hau kilomita 36,000 an dawo ba.

Na faɗi haka ne saboda a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da samar da sababbin taurari huɗu na kallon ƙasa, ɗaya daga ciki na rada. Na yi murna da na radar nan ƙwarai. Waɗanda muke da su, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, tun Agustan 2011 aka harba su, na farkon kuma shekara bakwai aka ƙiyasta masa. Sun yi abin da za su iya. Amma idan aka zo zancen sababbi, na san yadda za a yi ta: wane ne ya fi kaifin ido, wane ne na zamani, mu ne na farko a Afirka. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ina so 'yan majalisarmu na Kano da Jigawa su yi ta da babbar murya: daga lokacin da tauraron ya ɗauki hoton kogin Haɗeja, awa nawa kafin ya isa hannun wani, kuma hannun wa? In babu amsa a rubuce, da suna da lambar waya, to an sayi doki ne ba a tanadi mahayi ba.

In kuɗi ya ragu, yawan giftawa ya fi leza amfani a gare mu, kuma wannan ba a samunsa sai da haɗin gwiwa. Mun taɓa yi. NigeriaSat-1 da aka harba a 2003 cikin wata ƙungiya ya shiga da taurarin Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya, kowa ya kawo nasa, ya zamana a tare suna iya leƙa wuri guda kusan kullum. Har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauko wa Amurka a 2005. Ruwan da ya tashi daga madatsun Tiga da Challawa, ta Haɗeja yake bi ya shiga Yobe, ya zama iyakarmu da Nijar kafin ya faɗa tafkin Cadi. Maƙwabtan da ruwa ɗaya ke ci ai sun fi kowa dalilin yin karo-karo.

Ban ce leza ba ta da wurin da za ta yi mana rana ba. A majalisarmu ta bayan la'asar, duk lokacin da na ɗauko zancen tauraro, tambayar da ake jefo mini ɗaya ce: to me ya sa ba a ganin 'yan bindiga a daji? Amsar farko ita ce hotunan kyauta ba su da wannan kaifi. A hoton Sentinel-2, tauraron Turai mai kyamara, kowane ɗigo mita 10 ne, babur da mahayinsa ba su cika ɗigo ɗaya ba, balle a ƙarƙashin bishiya. Amsa ta biyu, ko an gan su, hoton da ya kwana ihu ne bayan hari, don mai babur cikin awa ɗaya ya canza daji. A nan kam sauri shi ne komai, kuma a nan ne taurari masu yawa da ke miƙa wa juna saƙo da leza suke da tasiri. Sai dai duk masu irin wannan tsari a yau baƙi ne, kuma mai abu shi ke zaɓar wanda zai fara ba, da ranar da zai rufe famfo. Zanen aro ba ya rufe katara. Don haka ina goyon bayan a tura yaranmu su koyi ilimin, a jami'o'inmu a buɗe musu fagen bincike a kai, kada ranar ciniki ta zo ba mu da wanda ya san abin da ake sayar mana. Koyo daban, gaggawar saye daban.

Ambaliyar cikin birni kuwa kada ma a sako tauraro a ciki. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, ba daga Tiga ya zo ba. Mu muka cike kududdufai muka yi gini, muka toshe kwalbatoci da leda. Wannan shebur yake so da hukuma mai iya cewa a'a.

Na kogi da na madatsa su ne abin tsoro na gaske. Dattawa suna tuna fashewar madatsar Bagauda a 1988. Na Alau kuwa jiya-jiya ne, Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, har namun gidan zu suka fito gari. Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da Challawa ta 1992, duk a saman mu suke, mu da Jigawa. Rada tana iya nuna yadda tafki ke faɗaɗa mako-mako, har ma, in aka gwama hotuna da yawa, ta nuna ko bangon madatsa yana motsi da 'yan milimitoci. Ilimin nan yana nan, hotunan kuma kyauta. Sannan ruwan Haɗeja ba gudun tsiya yake yi ba, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kwanaki yake ɗauka daga gari zuwa gari. Allah Ya ba mu tazarar da za a iya yin gargaɗi a cikinta.

Hukumomin hasashen yanayi da na ruwa, NiMet da NIHSA, suna fitar da hasashensu duk shekara kafin damina, suna lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Aiki ne mai kyau, amma ba shi ne abin da Kawu ke nema ba. An ce masa a watan Afrilu ƙaramar hukumarsa tana cikin haɗari. To ai ya sani, a nan aka haife shi. Abin da yake so a ce masa shi ne: ruwa ya wuce gari kaza yau da safe, ku kwashe dabbobi da hatsi kafin gobe da magariba.

Abin mamakin shi ne muna da tsarin da ke yin irin wannan aiki, kuma bai taɓa kwana a hanya ba. Ku dubi ganin watan azumi. Wani mutum a wani ƙauye ya hango jinjirin wata bayan faɗuwar rana. Ya san wanda zai gaya wa: mai unguwa ko limami. Shi kuma ya san nasa na gaba, dagaci, hakimi, fadar sarki, har zuwa kwamitin Sarkin Musulmi a Sakkwato. A tantance, a yi sanarwa, gidajen rediyo su ɗauka, masallatai su ɗauka. Kafin a kwanta barci, tsohuwar da ke ƙarshen ƙauyen da babu wuta ta san gobe da sahur. Miliyoyin mutane, cikin awa uku ko huɗu. Ba na'ura ce ta yi wannan ba. Kowa ya san wanda zai kira, an san wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma ba wanda zai ce bari sai Litinin in an buɗe ofis. Wannan shi ne ainihin abin da injiniyoyin leza suka gina a sama: kowane tauraro ya san na gaba da shi, kuma saƙo ba ya kwana.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin fentin tauraro ba. Ɗaki guda a Kano, ko a Jami'ar Bayero da ke da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ko a jami'ar Wudil da kogin ke wucewa ta garinta. Sola, intanet mai ƙarfi, matasa biyar ko shida irin ɗalibin nan nawa, a biya su albashi su yi karɓa-karɓa dare da rana daga Yuli zuwa Oktoba. Duk hoton da ya sauko su buɗe shi a ranar. Tunda tauraro ba kullum yake zuwa ba, a haɗa musu da masu karanta ma'aunin ruwa a gadoji da bakin madatsu, mutum ya turo lamba safe da yamma ta waya. A bango a manna sunayen dagatai da masu unguwannin duk garuruwan bakin kogi da lambobinsu, a riƙa sabuntawa. A kuma ayyana mutum ɗaya, da doka, wanda in ya ce a yi shela za a yi, ba sai takarda ta zaga tebur bakwai ba. Gidajen rediyon Kano, da ake saurare har a gona, ba za su ƙi karanta saƙon minti ɗaya ba.

Na san inda za a soke ni, kuma da gaskiyar masu sukar. Wata rana za a ce ruwa na zuwa, mutane su kwashe kaya, ruwa bai zo ba. Sau biyu aka yi haka, na uku ba mai motsawa. Kuma ko an gaya wa manomi, shinkafar da ke tsaye a gona ba a naɗe ta kamar tabarma a gudu da ita. Wanda aka ce ya tashi, ina zai je, wa zai tsare masa gida? Gargaɗi ba ya ceton amfanin gona, abin da yake ceto rai ne da dabba da hatsin rumbu da takardun makarantar yara. Ni a ganina wannan ma ya isa dalili. Batun kuskure kuwa, maganinsa a riƙa faɗin gaskiya yadda take: wannan tabbas ne, wannan kuwa zato ne mai ƙarfi, ku dai zauna da shiri. Mutanen karkara sun saba da irin wannan magana, da ita suke karanta hadari tun kafin a haife mu.

Kawu ya sake shuka a fadamar nan, don ba shi da wata. Da na je gaishe shi kafin damina na ba shi labarin hotunan biyu, na kwatanta masa baƙin da ya tsaya musu a ƙofa. Ya jinjina kai, ya shiga ɗaki ya fito da 'yar wayarsa mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ya ce in karanta lambar in kai wa yaron nan mai kwamfuta. Har na miƙe sai ya kira ni.

“Ka ce masa in zai kira, ya kira bayan magariba, da rana tana wurin caji. In bai same ni ba ya nemi mai shayin bakin kasuwa, tasa kullum a kunne take. Bari in sa a karɓo maka lambarsa.”